Za'arur a lambun famakalca: a ina zan sa shi, kuma ƙwallo zan shuka ko dashe zan saya?

Mai_Sabon_Lambu

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san itacen za'arur, wanda Turawa ke kira hawthorn, masana tsirrai kuma suke kira Crataegus.

Lambun yana arewacin Turai, inda itacen yake na asali, kuma hunturu na zuwa da ƙanƙara. Filin ya kai mita 20 a mita 35. Ƙasar yumɓu ce mai danƙo, akwai kusurwa ɗaya da ruwa ke kwanciya daga Disamba zuwa Fabrairu. Iska mai ƙarfi daga yamma take bugowa. A ciki akwai tuffa uku da fiyar Turai ɗaya, 'yar uwar tuffa, duk ƙanana. Tsarin famakalca nake bi, wato ina so kowane itace ya yi aiki fiye da ɗaya: ya tare iska, ya ciyar da ƙudan zuma da tsuntsaye, mu ma mu samu abin tsinka.

Abin da ya shige mini duhu shi ne, in yi shinge da shi ne ko in bar shi itace guda tsaye? In tsinko 'ya'ya a daji in shuka, ko in sayi dashe? Me ya dace a shuka a gindinsa? Sannan na ji ana cewa yana jawo wa tuffa cuta, ina gaskiyar wannan magana? Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka da alheri.

Tsohon_Malamin_Gona

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka fara da wurin da za ka sa shi, domin za'arur itace ne da kan haura shekara ɗari, yana da doguwar saiwa mai nutsewa ƙasa, kuma idan ya girma ba ya son a taɓa shi. Inda ka sa shi bana, nan zai zauna.

Bakin iyaka ne wurinsa. A tsarin famakalca da Bill Mollison da David Holmgren suka shimfiɗa a Ostareliya cikin shekarun 1970, abin da ake taɓawa kullum shi ake sawa kusa da ƙofa, abin da ke kula da kansa a tura shi nesa. Za'arur na cikin na nesa. Ƙayarsa na huda tayar baro da tafin takalmi, kuma raunin da take yi yana saurin yin ruwa, don haka kada ya matsi hanyar da ake bi ko inda yara ke wasa. Furensa ma na da wani ƙarni-ƙarni da ƙudaje ke so amma mutane da yawa ba sa so, kada ka sa shi ƙarƙashin taga.

Tunda iskarka daga yamma take, nan za ka ja shinge. Shingen ƙaya ya fi katanga tare iska, saboda katanga na sa iska ta hau sama ta faɗo da ƙarfi a bayanta tana juyi, shi kuwa shinge tace ta yake yi, ta wuce a raunane. Kariyar na kai wa kimanin ninki goma na tsayin shingen, ka ga shinge mai mita 2 zai rufa wa kusan duk faɗin filinka asiri. Idan kuma kana son itace guda da zai yi kai ya cika da fure, sa shi a gefen arewa, inda inuwarsa za ta faɗa waje ba kan kayan lambu ba. Ka ba shi fili mita 4 zuwa 5 ta kowane gefe, domin yakan kai mita 6 zuwa 8, wani ma ya wuce. A inuwa zai rayu, amma fure da 'ya'ya sai da rana, aƙalla awa shida a yini.

Kusurwar nan da ruwa ke kwanciya, ka cire ta daga lissafi. Za'arur na jure yumɓu, da ƙasa mai alli, da iska, da hayaƙin gari, amma saiwarsa na ruɓewa idan ta yi watanni a cikin ruwa. Ka gwada sauran layin: haƙa rami mai zurfin santimita 40, cika shi da ruwa, ka dawo washegari. Idan har ruwan na nan, to sai ka yi kunya mai tudun santimita 20 zuwa 30 ka dasa a kanta.

A yankinka iri biyu ne na asali. Crataegus monogyna ƙwallo ɗaya ne a cikin ɗansa, ganyensa na da tsaga mai zurfi, shi ne na shinge. Crataegus laevigata ƙwallo biyu ne ko uku, tsagar ganyen ba ta da zurfi, ya fi jure inuwa da yumɓu mai nauyi. Suna barbarar juna, shi ya sa za ka ga na tsaka-tsaki da yawa. Ka guji na ado masu fure ninki-ninki irin Paul's Scarlet: kyau gare su, amma ƙudan zuma ba ya samun komai a ciki, 'ya'ya kuma sai ɗai-ɗai. Kuma ka tambayi mai sayar da dashen daga ina aka samo ƙwallon. Wanda aka kawo daga kudanci ko gabashin Turai yakan yi toho da wuri, sanyin ƙarshe ya ƙone shi, ya fi kamuwa da farar funfuna, ƙayarsa kuma ba ta kai ta na gida ba. Ga masu karatu daga wasu wurare: monogyna ya zama annoba a Ostareliya da Niyu Zilan da yammacin Amurka, a can ba shi ake dasawa ba. Amurka na da nata da yawa, irin su Crataegus douglasii mai baƙaƙen 'ya'ya da Crataegus mollis. A ƙasa mai zafi da ba ta da hunturu na gaske kuwa, itacen ba ya samun sanyin da yake bukata kafin ya yi fure.

Dashe: ka sayi ƙanana masu tsirarar saiwa, tsayin santimita 40 zuwa 60, masu shekara ɗaya ko biyu. Mutane na ruɗuwa da manya na cikin tukunya, alhali ƙaramin kan kamo babban cikin 'yan shekaru, don shi bai rasa saiwarsa wajen tonowa ba. Lokacin dashe daga Nuwamba ne zuwa Maris, ranar da ƙasa ba ta daskare ba kuma ba ta yi caɓi ba. A yumɓu mai riƙe ruwa na fi son ƙarshen Fabrairu zuwa Maris.

Abin da ya fi kashe dashe shi ne iska ta busar da saiwa tun kafin ta shiga ƙasa. 'Yan mintoci sun isa. Ka jiƙa su a bokiti awa ɗaya zuwa biyu, ka bar su cikin leda, kana zaro ɗaya-ɗaya. Layi biyu za ka yi, tsakaninsu santimita 40, tsakanin dashe da dashe a layi santimita 40, na layi na biyu su faɗa daidai giɓin na farko. Hakan zai ba ka biyar a kowace mita, wato kusan 175 idan gefen mita 35 ne. Ka caka shebur, ka tura shi gaba ƙasa ta buɗe, ka zura saiwar ta miƙe ba ta naɗe ba, ka tsaya daidai inda alamar tsohuwar ƙasa take a jikin karan, sannan ka danne da dunduniya. Kada ka zuba taki a ramin. A yumɓu, rami mai laushi cike da taki zama yake matattarar ruwa, saiwar kuma ta ƙi fita ta nemi abinci. Bayan kowace ƙanƙara mai ƙarfi ka zagaya ka sake dannewa, domin daskarewa na ɗaga ƙasa ta bar saiwa a rataye.

Na shinge, da ka gama dasawa ka datse su su koma santimita 15 zuwa 20. Da wuya zuciya ta yarda, amma wanda ba a datse ba miƙewa yake yi sama, ƙasansa ya zama fayau, kare ma ya ratsa. Wanda za ka bari ya zama itace kuwa kada ka taɓa kansa.

Sai babban abokin gaba, wato ciyawa. Ita ke shanye ruwa da abinci a saman ƙasa, inda sababbin saiwoyi suke. Dashen da ciyawa ta kewaye zai iya shekara uku bai ƙara taƙi ɗaya ba. Ka shimfiɗa kwali, ka rufe shi da ɓarzajjen itace ko ruɓaɓɓen ganye mai kaurin santimita 7 zuwa 8, faɗin rabin mita ta kowane gefe, amma ka bar tazarar yatsu huɗu tsakaninsa da karan don kada ɓawon ya ruɓe, kada kuma ɓeraye su samu maɓoya. Ka riƙe haka shekara uku. Idan akwai zomaye, ka sa wa kowane dashe rigar roba mai tsayin santimita 60, in barewa ce sai mita 1.2 ko fiye. Ka tuna ka cire rigar bayan shekara uku zuwa huɗu, in ba haka ba tana hana rassan ƙasa fitowa. Ban ruwa a shekaru biyun farko kawai, idan aka yi kwana goma ba ruwan sama: bokiti guda ga itacen da ke tsaye shi kaɗai, a zuba a hankali sau ɗaya a mako, ya fi yayyafi kullum.

Uwar_Gandu

Malam ya gama magana a kan dashe. Ni zan tsaya a kan ƙwallo, domin nan ne mutane ke karaya su zubar da tukunya, alhali irin lafiyarsa ƙalau, barci kawai yake yi.

Ƙwallon za'arur kulle biyu gare shi. Na farko ɓawo ne mai tauri, wanda sai ɗumi da danshi da ƙananan halittun ƙasa sun ci shi a hankali. Na biyu ɗan tsiron da ke ciki ne, wanda ba ya motsi sai ya sha sanyi na watanni. Kuma dole a bi su a jere, ɗumi tukuna sannan sanyi. Idan ka tsinka a Oktoba ka shuka, sanyi ne ke fara zuwa alhali ɓawon bai buɗe ba, sai hunturun farko ya tafi a banza. Watannin zafi su ci ɓawon, hunturu na biyu ya tashe shi, ya fito a Maris ko Afrilu. Wata goma sha takwas ke nan. Kaɗan za su fito a shekarar farko, yawancin sai ta biyu, wasu ma ta uku.

Ga yadda ake yi. Ka tsinka idan sun yi ja sosai, daga ƙarshen Satumba zuwa farkon Nuwamba, daga itatuwa goma ko fiye a tsohon shinge ko bakin daji, ba na bakin titi da aka dasa don ado ba. Yawan iyaye shi ke sa wata cuta ba za ta kwashe maka shingen gaba ɗaya ba. Ka jiƙa su kwana biyu zuwa uku, ka murtsuke, ka wanke a rariya har naman ya fita tas, domin naman na ɗauke da abin da ke hana tsirowa, yana kuma jawo funfuna. Waɗanda suka taso saman ruwa yawanci fanko ne. Ka ɗauki goma daga waɗanda suka nutse ka fasa da filaya: in ka ga farar tsaba mai tauri a bakwai ko takwas, irinka mai kyau ne, in biyu ne ko uku ka ƙaro. Kada ka bar su su bushe, bushewa na ƙara musu nauyin barci.

Ka haɗa yashi mai kaushi da ruɓaɓɓen ganye rabi da rabi. Awo uku na wannan haɗi, awo ɗaya na ƙwallo. Danshin da ake so shi ne ka matse a hannu ɗigo ɗaya ko biyu ya fito, ba fiye ba. Ka zuba a tukunya mai huji, da tsakuwa a ƙasa da yashi a sama, ka rufe sama da ƙasa da ragar waya mai ido milimita 6. Wannan raga ba ado ba ce, ɓera na iya cinye tukunya guda a dare ɗaya. Ka ajiye a inuwar bango ta arewa, ka sa alama da kwanan wata, ka riƙa duba danshi a watannin zafi, ka juya haɗin lokaci-lokaci don iska ta shiga.

Daga Fabrairu na shekara ta biyu ka riƙa zazzagewa a faranti kowane mako. Da ka ga kamar ɗaya cikin goma ya fasa, farin kan saiwa ya leƙo, shuka duka a ranar. In ka yi jinkiri saiwar ta yi tsawo, karyewa take yi wajen shuka. Zurfin santimita 1, a tukwane masu zurfin santimita 20 ko a fangali, tazarar santimita 8 zuwa 10. A sake rufewa da raga, a kula da dodon koɗi.

Mai gaggawa zai iya kwaikwayon yanayin a cikin gida: haɗin a leda, mako 8 zuwa 12 a ɗumin digiri 20 zuwa 25 na Salshiyos, sannan mako 16 zuwa 20 a firji a digiri 3 zuwa 4, ba a wurin ƙanƙara ba. A buɗe ledar kowane mako ta sha iska. Yana rage jira, amma fitowar ba ta cika daidaita ba. Manyan masu renon dashe na amfani da asid mai ƙarfi su cinye ɓawon, wannan ba aikin gida ba ne, kada ka gwada.

A hunturun farko bayan sun fito, ka tone su, ka datse doguwar saiwar ta koma santimita 15, ka sake dasawa da tazara. Hakan ke sa ta yi ƙananan saiwoyi masu yawa, ta jure dashe na ƙarshe bayan shekara guda. Yanke reshe a kafa kuwa, kada ka ɓata lokacinka, da ƙyar yake kamawa.

Ka lissafa da kyau, ɗana: shekara ɗaya da rabi kafin tsiro, biyu a reno, sannan biyar zuwa takwas daga tsiro kafin fure. Tuffarka na bukatar kariya daga iska yanzu. Shawarata ka sayi dashe ka yi shingen bana, ka kuma sa tukunyar ƙwallo a gefe. Waɗanda za su fito su ne na cike giɓi, kuma su ne gindin da za ka yi aure a kai, wato ka ɗaura musu reshen wani itace su haɗe su zama ɗaya. Idan sun kai kaurin fensir, a Fabrairu ko Maris, za ka iya aura musu reshen za'arur mai manyan 'ya'ya, irin Crataegus pinnatifida na Sin ko Crataegus azarolus na yankin Bahar Rum, ko ma itacen medla, wani ɗan uwan tuffa. Reshen auren a yanke shi a Janairu a ajiye a firji cikin leda mai ɗan danshi. Mai aure kan yi 'ya'ya cikin shekara biyu zuwa huɗu. Sai dai gindin na yawan fitar da toho a ƙasan ɗaurin, in ba ka murje su suna ƙanana ba za su ƙwace ƙarfin su kashe na saman.

Mai_Sabon_Lambu

Malam da Hajiya, na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Na fahimci zancen dashe da ƙwallo. Saura batun cutar, don shingen yamma zai zo kamar mita 6 daga fiyar. Da kuma abin da zan sa a gindin. Na taɓa karanta cewa za'arur na ƙara wa ƙasa naitirojin, haka ne?

Mai_Tuffa

A'a, ba ya ƙarawa. Dangin tuffa ne da fiya, ba dangin wake ba, kuma wannan dangantakar ita ce tushen matsalar da kake tambaya.

Da girmamawa ga Malam, ni ba zan wuce batun mita 6 ɗin nan da sauƙi ba. Cutar da ka ji ana faɗa ita ce ƙunar wuta, wadda bakteriyar Erwinia amylovora ke kawowa. Asalinta Amurka ta Arewa, an fara ganinta a Ingila a 1957, daga baya ta bazu a Turai. Za'arur na ɗauke da ita ya rayu, fiya kuwa tana iya mutuwa cikin shekara guda, ƙarama musamman. Ta fure take shiga. Ƙwari da ƙudan zuma da feshin ruwan sama ke kai ta, kuma tana ƙarfi idan zafi ya haura digiri 18 ga danshi. A Holan har an keɓe yankunan da aka hana dasa za'arur na daji saboda masu renon itatuwa, don haka ka bincika dokar inda kake, musamman in akwai gonar tuffa ta kasuwa kusa.

Alamunta: fure ya yi baƙi ya ƙi faɗuwa, ganye ya ƙone yana manne a reshe, kan sabon toho ya lanƙwashe kamar ƙugiya, wani lokaci ka ga ɗigon ruwa mai kauri fari ko ruwan zuma a jikin ɓawo. Ka ɗan fere ɓawon da wuƙa, za ka ga jan ɗorawa-ɗorawa a ciki maimakon kore mai haske. Ba ta da magani a hannun mai lambu sai yanka. Ka yanke santimita 30 ƙasa da inda launin ya tsaya a ƙaramin reshe, santimita 60 a babba, ranar da gari ya bushe. Ka goge almakashi da zarto da sifirit mai ƙarfin kashi 70 bayan kowane yanka, in ba haka ba da hannunka za ka raba cutar. Abin da ka yanke a ƙone shi, kada ya shiga tarin taki.

A arewacin Turai akwai sauƙi ɗaya: fiya na fure a Afrilu, lokacin da sanyi bai bar bakteriyar ta yi ƙarfi ba, za'arur kuma sai Mayu. Haɗarin yana ga furen makara da fiya kan fitar a Mayu da Yuni. Duk wanda ka gani, tsinke shi. Kuma ka rage taki mai naitirojin a gindin fiya da tuffa, domin toho mai laushi shi cutar ta fi so.

Akwai kuma tsatsa, wadda ke yawo tsakanin za'arur da itacen junifa, mai siririn ganye da ba ya kaɗewa a hunturu, ba ta cika zagayenta sai da su biyun. Za ka ga ɗigo ruwan lemo a ganye, da kumburi mai 'yan ƙahoni a jikin 'ya'ya. In akwai junifa a lambun, zaɓi ɗaya. Masu lambu a Amurka su ƙara da ƙudan Rhagoletis pomonella, wanda asalinsa a za'arur yake rayuwa kafin ya koma kan tuffa a ƙarni na 19. A can dole a riƙa kwashe 'ya'yan da suka zuba.

Tsohon_Malamin_Gona

Gaskiya ka faɗa, Mai_Tuffa, ban ba wannan haƙƙinsa ba. Sai dai ƙudan zuma na tafiyar kilomita biyu zuwa uku, kuma a yankin nan da wuya ka rasa za'arur a shingen maƙwabta ko bakin hanya. Fili mai mita 35 ba shi da nisan da zai zama kariya. Abin da ke hannunsa shi ne fure. Za'arur a tsohon reshe yake fure, wanda ya shekara biyu ko fiye. To ɓangaren shingen da ke kusa da fiyar, mita goma ko makamancin haka, a riƙa aske shi kowace shekara: zai tare iska, ba zai yi fure sosai ba, babbar ƙofar cutar ta ragu. Can nesa a bar shi ya yi furensa. Ko kuma a wannan ɓangaren a sa wasu itatuwan shinge da ba dangin tuffa ba, irin hazal, itace mai 'ya'ya masu ɓawo da ake fasawa a ci ƙwayar. Prunus spinosa kam, wani itacen ƙaya na shinge mai kama da za'arur, kada ya shigo ƙaramin lambu, yana bin ƙarƙashin ƙasa ya ɓullo a tsakiyar fangali. Ana gane shi da cewa furensa na riga ganye fitowa, za'arur kuwa ganye ne farko.

Mai_Shinge

Bari in ɗora a kan gindin da kuma aski.

Shekaru ukun farko kada ka shuka komai cikin rabin mita daga karan, duk abin da ka sa kishiya ce. Masu famakalca kan yi zumuɗin cika gindi da tsirrai tun ranar farko, sai dashen ya tsaya cak su ce ƙasa ce ba kyau. Daga shekara ta huɗu ka fara daga bakin inuwa ka yo ciki. Farar kulofa, dangin wake, ita za ta ba ka naitirojin da ka tambaya. Komfiri, tsiro mai manyan ganye da ake yin taki da su, a nisan mita ɗaya, ka yanka shi sau uku a shekara ka shimfiɗa ganyen a gindin, amma ka nemi nau'in Bocking 14 wanda ba ya zubar da iri, kuma ka sani inda ka sa shi ba ya fita, ko guntun saiwa ya rage sai ya tsiro. Tsirrai masu albasa da ke fure a Fabrairu da Maris sun dace sosai, don suna gama aikinsu kafin ganyen za'arur ya rufe. Gefen da rana ke bugawa ka sa masu fure mai faɗi irin dangin karas, su ke kiran ƙwarin da ke cin darɓa.

Darɓar ma da tsutsar da ke saƙa farar yana a rassa cikin Mayu da Yuni, kada su tayar maka da hankali. Tsutsar kan cinye ganyen reshe ƙaƙaf, bayan 'yan makonni ya sake toho. Abincin 'ya'yan tsuntsaye ne, in ka yi feshi ka kashe abin da ka dasa itacen dominsa. Ka kuma lura da abin da zai tsiro a cikin ƙayar da kansa: tsuntsaye na sauka su yi kashi, zomo da barewa ba sa iya shiga, sai ka ga 'ya'yan wasu itatuwa na tasowa a tsare. Ka zaɓi wanda kake so ka cire saura tun suna ƙanana.

Aski a Janairu ko Fabrairu, bayan tsuntsaye sun cinye 'ya'yan, kafin su fara sheƙa. Daga Maris zuwa Agusta a bar shinge ya huta, a Birtaniya ma dokar 1981 ta haramta lalata sheƙar da ake amfani da ita. Ɓangaren da kake son fure ka kasa shi uku, kowace shekara ka aske kashi ɗaya. Ƙasa ta fi sama faɗi, don haske ya kai rassan ƙasa. Kowane aski ka ɗaga santimita 10 sama da na baya, in kana yanka a wuri ɗaya kullum sai ya yi dunƙule ya daina toho mai kyau. Ka sa safar hannu ta fata da tabarau, ka kwashe rassan nan take, don busasshiyar ƙaya ta fi ɗanya mugunta.

Bayan shekara 10 zuwa 15, idan ƙasan ya fara buɗewa, akwai kwantar da shinge, tsohuwar sana'a a Ingila da Wales. Ana sare karan kusa da ƙasa har kusan kashi huɗu cikin biyar, a bar ɓawo da ɗan nama a gefe ɗaya, a kwantar da shi a karkace kan na kusa da shi, a kafa turaku a riƙe. Kan ya kalli tudu, kada ya kwanta ƙasa warwas. Sabon toho zai fito daga kututturen da jikin karan, shingen ya koma sabo. Abin da aka rage itace ne mai nauyi, wutarsa na da zafi, gawayinsa mai kyau.

'Ya'yan monogyna ƙanana ne, ba su wuce santimita 1 ba, naman gari-gari, ba zaƙi sosai. Sun fi daɗi bayan sanyin farko ya taɓa su. A dafa da ruwa daidai rufewa har su yi laushi, a tace a rariya, ruwan na kamawa da kansa don yana da sinadarin da ke sa kauri. Kada a niƙa da ƙwallon, tsabar ciki na da irin gubar da ke cikin ƙwallon tuffa. Kuma za'arur na taɓa aikin zuciya da hawan jini, duk mai shan maganin zuciya, musamman digoxin, ko na hawan jini, ya tambayi likitansa kafin ya mai da shi abin sha na kullum.

Kusurwar nan mai ruwa kuwa, itacen Alnus glutinosa, wanda Turawa ke kira alder, za ka sa. Yana son jiƙaƙƙiyar ƙasa, na asali ne a yankinka, kuma shi kam saiwarsa na ƙara naitirojin. Ka riƙa sare shi a gindi duk shekara biyar zuwa bakwai don kada ya yi maka inuwa, rassan ka ɓarza su ka zuba a gindin shingen.